Inabin Maƙwabciyata da Na Sare

Shekarun baya, lokacin da council, wato ƙaramar hukuma, ta ba mu gida a unguwar Edmonton bayan mun shekara shida muna hawa bene na tara, abin da ya fi faranta mini rai shi ne ɗan filin bayan gidan. Bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba, amma na tsaya a tsakiyarsa na riƙe ƙugu kamar an ba ni fadama. Ni ɗan manomi ne, kuma duk wanda ya zauna da ni na minti goma sai ya ji wannan magana. Abin da ba na ƙarawa shi ne rabona da fartanya tun ina ajin farko na sakandare, a lokacin ma an fi sa ni kai fura gona. A nan London tuƙin bas nake yi.

A watan Yuni muka tare. Gidan da ke manne da namu na wata tsohuwa ce Baturkiya, ita kaɗai take zaune, mijinta ya rasu shekara biyu kafin zuwanmu. Gajeren shingen katako ne tsakaninmu, ana iya gaisawa ta samansa. A nata filin akwai rumfa da wani yaɗo ya lulluɓe ruf, ganye kore shar, da yamma har inuwarsa kan faɗo wajenmu. Kullum da hantsi za ka gan ta a ƙarƙashin rumfar da ɗan kwando, tana zaɓen ganye ɗaya bayan ɗaya, sai ta shafa kowanne da yatsa kafin ta tsinke.

Kwana uku da tarewarmu ta miƙo faranti ta saman shinge. Ganyen nan ne ta naɗe shinkafa a ciki, siri-siri kamar ɗan yatsa, ta dafa da mai da lemun tsami. Na ɗauki ɗaya don kada a ce na raina, ban ankara ba na ga farantin ya koma rabi. Matata ta mayar da shi da ƙosai. Tsohuwa ta dangwali yaji, ta sha ruwa kofi biyu, ta ce gobe ma a kawo. Daga nan muka zama 'yan gida. Ina ce mata Mama, ita kuma direba take ce mini. Turancinta ba shi da yawa, nawa ma na kan titi ne, amma ba mu taɓa rasa abin hira ba.

Ta gaya mini inabi ne. Da kaka na ga 'ya'yan, kore mai ɗan rawaya, na tsinki ɗaya tsaminsa ya kusa kashe mini haƙori. Ban ƙara tambayar komai ba. A kaina na riga na jera shi a layin duma da kabewa da soso, wato abin da ke hawa danga da damina, ya ba da abin da zai bayar, ya bushe, a yaye shi, baɗi a shuka wani. Haka na san duk wani mai yaɗo tun tasowata.

Sanyi ya shigo, ganye ya zube tas, rumfa ta koma tsirara. A watan Janairu Mama ta zame a bakin ƙofarta ta karye a ƙugu. Daga asibiti 'yarta ta wuce da ita flat ɗinta da ke can wajen Old Kent Road, saboda akwai lift, ba sai ta hau matakala ba. Wata ranar Asabar 'yar ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, ta miƙo mini makullin baya ta ce, "Mama ta ce ka riƙa duba mata garden." Iyakar abin da aka ce in yi ke nan, in duba.

To a garinmu, idan damina ta ƙarato manomi yana kwance ba lafiya, ba a jira sai ya roƙa. Maƙwabta kan taru su share masa gona, ya tashi ya tarar da ita fes. Wannan ne ya faɗo mini a rai wata ranar off ɗina a farkon Maris. Na leƙa filin Mama na ga busassun rassa sun harhaɗe a kan rumfa, ɓawo yana ɗayewa, ba alamar rai ko kaɗan. Na ce tsohuwar nan za ta dawo da sanda, wa zai yaye mata wannan tarkace ta samu wurin shuka sabo? Na ari zarto, na naɗe hannun riga, na kira gayya ta mutum ɗaya.

Gindin abin ya kai kaurin damtsena. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya dakata, don babu dumar da ta taɓa yin irin wannan gindi. Amma na riga na yanke hukunci. Da zarto ya shiga na ga cikin itacen da danshi, na ce ai London ce, ko taliya ka ajiye sai ta yi danshi. Na bar kututture kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, shi ma don zarton ya ƙi sauka ne. Na sassare rassan na cusa a kwandon ciyawa, na share wurin har da tsintsiyar kwakwa. Washegari da safe motar shara ta kwashe su, ina tsaye a taga ina jin daɗin kaina.

Matata ce ta fara gani. Ta fita shanya sai ta kira ni.

"Malam, zo ka ga aikinka."

Kututturen ya jiƙe sharkaf. Ruwa ne garai-garai yake tsattsafowa daga inda na yanka, yana bin ɓawo yana ɗiga ƙasa, ga shi kwana biyu ba a yi ruwan sama ba.

Ta ce, "Mataccen itace yana fitar da ruwa haka?"

Na ce raɓa ce.

Ta ce, "To ka yi checking a waya, mu ji ko raɓa ce."

Na duba. Minti biyar bai cika ba na zauna a kan dakalin ƙofa. Ashe inabi itace ne mai shekaru, yana iya wuce wanda ya dasa shi. Da sanyi barci yake yi. Abin da na sare lafiyarsa lau, yana shirin farkawa ne na same shi da zarto.

Dabarar da ta fara zuwa mini ba ta mutanen kirki ba ce. Na ce in je inda ake sayar da dashe in sayo wani inabin, in tone wannan in dasa shi, kafin Mama ta dawo ya ɗan hau rumfa. Ganye ai ganye ne. Da yamma na kira mahaifiyata a gida, na ba ta labarin ina 'yar dariya, ina jiran ta taya ni. Ba ta taya ni ba.

"Kai ɗan nan, wa ya aike ka?"

"Inna, taimako na yi."

"Ka tambayi mai abin?"

Na kauce wa tambayar. Na kawo zancen sayo wani.

Ta ce, "Ka sare mata itace, sannan ka bi ta da ƙarya? Ka tashi ka je da ƙafarka ka faɗa mata. Kada ka aiki matarka, kada ka buga waya. Kuma in ta yi faɗa ka rufe bakinka."

Ranar Lahadi na kama hanya. Ni da ke tuƙa bas kullum, ranar na zauna a kujerar fasinja ina fatan go-slow ya riƙe mu. Na tarar da Mama a kujera kusa da taga, an rufa mata bargo a ƙafa, ta rame. Ta yi murna da ganina har ta riƙe hannuna da hannu biyu. 'Yarta ta kawo shayi a ƙananan kofunan gilashi ta zauna, don in Turanci ya ƙare wa uwar ita ke ƙarasawa.

Ina neman ta inda zan fara sai Mama ta riga ni. Ta ce likita ya ce ita da matakala sun yi sallama, ba za ta koma gidan ba, da kaka za su mayar wa council makulli. Ta ce kayan ɗaki ba su dame ta ba, abu ɗaya take so. In yanko mata sanda huɗu daga jikin inabin, masu kaurin fensir, tun bai gama farkawa ba, a dasa mata a tukunya. Daga nan ta shiga ba ni labarinsa, ni kuma shayi yana hucewa a hannuna.

Ta ce sunan irin Narince, a harshensu abu mai laushi ke nan. Asalinsa daga yankinsu ne, Tokat, wani kwari mai kogi a tsakanin duwatsu. Ta ce 'ya'yansa ba sa gaggawar nuna, sai sauran inabi sun gama sannan su yi rawaya, gefen da rana ke duka ya yi ja-ja, ɓawon siriri, ruwan da ƙamshi kamar na lemu. Kamfanoni kan saye su su yi farar giya, mutanen ƙauye kuma su dafa ruwan har ya yi kauri kamar zuma. Amma mata ganyen suka sani. Ta ce duk ƙasarsu babu ganyen naɗi kamarsa, ba kauri, ba gashi-gashi, ba jijiya mai tauri, ga ɗan tsami. Ta ce a nan rana ba ta isa ta nunar da 'ya'yan ba, su ma ba don 'ya'yan suka kawo shi ba.

Mijinta ne ya yanko sanda uku a gonar mahaifinsa ranar da za su taso, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ya sa a aljihun kwat. Biyu suka mutu, ɗaya ta kama. Shekara kusan arba'in ke nan. Gonar can an daɗe da sayarwa, an yi gini a wurin. Ta ce har ya rasu bai taɓa barin kowa ya sa wa itacen almakashi ba, ita ma kallo take yi daga taga.

Sai ta dube ni ta ce, "Ya fara toho?"

Na ajiye kofin. Na faɗa mata komai, daga zarto har motar shara. Ban rage ba, ban kawo zancen gayyar garinmu ba, don a lokacin na ji kunyar in jingina wautata ga al'adar mutanen kirki. 'Yarta ta fara fassarawa, ta tsaya a tsakiya, ta rufe baki da hannu. Mama ba ta buƙaci sauran ba. Ta juya fuska wajen taga. Na gwammace ta jefe ni da kofin.

Can ta juyo ta ce, "Nawa ka bari?"

Na buɗe hannu na nuna mata taƙi ɗaya.

"Yana kuka?"

Na ce ruwa yana ta zuba.

Ta ce, "To yana da rai. Kada ka ɗaure shi. Kada ka ba shi ruwa. Kada ka zuba taki. Kada ka taɓa shi, direba. Ka ji? Kada ka taimake shi."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma riƙe hannuna da zan tafi ba.

Duk aikin da aka taɓa ba ni a duniya, babu mai wuyar wannan. Kullum kafin in fita sai na tsuguna gaban kututturen, in na dawo ma haka. Ruwan ya tsaya bayan kwana goma, wurin ya yi baƙi, ya bushe. Maris ya ƙare. Afrilu ya zo ya wuce, itatuwan unguwa duk suka yi ganye, nawa shiru. Sau biyu matata tana kama ni da buta a hannu, ta karɓe. Wata rana don in rage wa kaina nauyi na ce mata ashe ma inabin giya ne, ƙila gara da aka sare. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Dawar da Baba yake nomawa fa, ba da ita ake burukutu ba? Ka daina cin tuwo ne? Malam, nemi wata hujjar."

Ban sake kawo zancen ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ina tuna kwat ɗin mutumin da ban taɓa gani ba, da tsumman da ya jiƙa, sai abinci ya fita raina. Ga kaka tana matsowa, ranar mayar da makulli ba za ta jira kowa ba.

A tsakiyar Mayu na tsuguna kamar kullum, sai na ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a gindin kututturen, dab da ƙasa, ruwan hoda, da ɗan gashi kamar auduga. Biyar na ƙirga. Na kira 'yar Mama ta video, ta kai wayar gaban uwar. Mama ta matso da fuska har hancinta ya cika allon. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in bar su su kai tsawon yatsa, in zaɓi biyu masu ƙarfi, in cire sauran. Na ce in cire? Ni da na yi rantsuwar ba zan sake cire ko ciyawa ba. Ta ce yanzu ita ce ta sa ni.

Daga nan na zama hannunta, ita tana can tana ba da umarni. Rassan biyu suka miƙe da gudun da ya ba ni mamaki, don saiwar shekara arba'in ce take tura su. Da suka wuce tsayina ta koya mini yadda ake yi a garinsu in ana son itace ya haihu ba tare da an yanke shi ba. Za ka lanƙwaso reshe a hankali, ka binne tsakiyarsa a ƙasa, ka ɗora dutse, ka bar kansa a waje. Yana shan nonon uwarsa har ya yi tasa saiwar, sannan a raba su. Ɗaya na binne a babbar tukunya, nata ke nan. Ɗayan ta ce in tona ƙarƙashin shinge in fito da kansa ta wajena, ko da na tukunyar zai ƙi.

A watan Oktoba na tona gefe da yatsa na ga fararen saiwoyi. Na raba su da uwar, wannan karon da almakashin mijinta, wanda 'yar ta kawo mini. Mako biyu bayan an mayar da makulli ma'aikatan council suka zo suka tumɓuke rumfar da kututturen, suka shimfiɗa siminti. Na tsaya ta wajena ina kallo.

Na rungumi tukunyar na hau bas da ita har Old Kent Road, mutane suna kaucewa. Ganyen ya fara rawaya, saura 'yan kaɗan masu kore. Na ajiye a gaban Mama. Ta kama ganye ɗaya tsakanin yatsu biyu, ta murza a hankali, ta rufe ido. Ta tsinki gefensa ta sa a baki ta tauna.

Ta ce, "Shi ne."

Ta yi kuka, 'yarta ta yi, ni ma na ce shayin ne ya yi zafi. Da ta share ido ta ce, "Ranar da ka faɗa mini na so in zage ka. Turancin zagin ne ban iya ba, 'yar nan tawa kuma na san ba za ta fassara ba." Muka yi dariya, ta sake kama hannuna da hannu biyu.

Da na miƙe zan tafi sai ta tura tukunyar wajena da sandarta.

"Ɗauki, ka mayar."

Na ce ai nata ne, dominsa aka yi duk wannan wahala.

Ta ce, "Nan babu ƙasa, babu rana, ni ma ba daɗewa zan yi ba. 'Yata ko furen roba aka ba ta sai ya mutu. Da ina tsoron in tafi in bar shi ba mai shi. Kai kuwa na san ba za ka sake barin wani abu ya same shi ba, ka ji tsoron da ya ishe ka. Ka dasa shi kusa da ɗan'uwansa."

Haka na dawo da tukunyar a kan cinyata, ina kallon taga don kada fasinja su ga fuskata.

Mama ta rasu shekarar da ta biyo baya, bayan ta ci naɗin ganyen farko da matata ta koya ta yi mata. Ta ce shinkafar ta yi yawa, amma ta cinye.

Har yau ina tuna zarton nan. Niyyata mai kyau ce, kuma na gane kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna in mutum ya ɗauka abin da ya sani a garinsu shi ne iyakar sani. Tambaya ɗaya ta waya da ta wadatar, girman kai ya hana ni. Yanzu ko kujera zan gyara wa mutum sai na ce, in taɓa? Abin da kuma ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta yi da ni. Tana da ikon ta rufe mini ƙofa, ba wanda zai ga laifinta, sai ta ɗauki abin da ya fi komai daraja a wurinta ta damƙa wa wanda ya kusa hallaka shi.

Itatuwan biyu sun rufe mini rabin fili yanzu, tumatirin da na yi burin shukawa bai samu wuri ba. Duk watan Yuni 'yarta takan zo da kwando ta tsinki ganye, ta ɗan tsaya a inuwa. Ranar farko ta tambaye ni ko za ta iya ɗiba. Na ce mata ni gadi kawai nake yi, ta shiga gonar babanta.